Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaba Tinubu da Janar Tchiani: ku fitar da wuta da iyaka daga cikin rigimarku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Tarayyar Najeriya, Bola Ahmed Tinubu, da Mai Girma Shugaban Jamhuriyar Nijar, Janar Abdourahamane Tchiani.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranku ya daɗe.

Ni mutumin Jibiya ne, a jihar Katsina. Sana'ata niƙa. Ina da injin niƙan hatsi biyu a bakin kasuwa, da ɗan ɗakin ƙanƙara da nake lallaɓawa idan an samu wuta. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, 'yar Madarunfa ce, ƙanwata kuma tana aure a Maradi da 'ya'yanta biyar. Idan hanya lafiya, na fi saurin isa gidanta da isa Kano. Na haɗa ku a takarda ɗaya ne saboda abin da zan yi magana a kansa ba ya rabuwa biyu, kuma duk lokacin da kuka saɓa, a ƙofar gidajenmu abin yake fara sauka kafin ya kai Abuja ko Yamai.

Bari in fara da ruwan da ke bi ta bayan garinmu. Kogin Gada, idan ya cika da damina ya fita daga dam ɗin Jibiya, arewa yake nufa. Yana tsallaka iyaka sai sunansa ya koma Gulbin Maradi. Ya jiƙa fadamun Madarunfa da Maradi da Tsibirin Gobir, sannan ya karkato ya sake shigowa Najeriya ta ƙasar Sakkwato, ya faɗa Rima, Rima ta miƙa shi ga kogin Kwara, Kwara ta zuba shi a tafkin Kainji. A can ake juya injuna da shi ya zama wuta, wutar ta hau waya ta bi ta Birnin Kebbi ta nufi Yamai. Shi kuwa Kwara, daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya wuce ta tsakiyar Yamai kafin ya taɓa ƙasar Najeriya. Kenan a kogin Kwara Nijar ce a sama, a Gada da Komadugu Yobe kuma Najeriya ce a sama. Kowannenku yana riƙe da bakin tulun ɗan'uwansa.

Magabatanku sun gane haka, shi ya sa suka yi ta ɗaure zumuncin da takarda. A 1964 ƙasashen da kogin ya ratsa suka kafa hukumar kula da Kwara. A 1968 aka gama dam ɗin Kainji. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, aka ajiye hedikwatarta a Yamai, kuma cikin shekarun nan na 1970 aka ja layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa can. A 1990, a Maiduguri, aka sa hannu kan yadda za a raba ruwan ƙananan kogunan da muka yi tarayya a kansu, har da namu na Gada. Jami'an Najeriya da bakinsu sun sha faɗin hikimar da ke bayan sayar wa Nijar wuta: idan maƙwabcinka na sama yana samun wuta daga dam ɗinka, ba zai yi gaggawar datse kogin da ke ciyar da dam ɗin ba. Ciniki ne na mutanen da suka san juna, kowa ya ba da, kowa ya karɓa. Da wannan fahimtar Nijar ta kwantar da hankalinta har ya zama kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take sha daga Najeriya yake zuwa.

Sai ga 26 ga Yulin 2023. Sojoji suka karɓe mulki a Yamai, suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka ba da wa'adin mako guda, suka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki. A farkon Agusta aka katse wutar.

Ni ban goyi bayan juyin mulki ba, kuma har gobe ina ganin tsare mutumin da jama'a suka zaɓa ba hanya ba ce. Amma ina so ku ji abin da katse wutar nan ya zama a cikin gida ɗaya. Ƙanwata da firji biyu take riƙe da rabin ɗawainiyar gidanta. Zoɓo take yi da lamurje da ruwan sanyi, yara su ɗauka a kula su kai tasha da ƙofar makaranta. Da ribar take sayen littafi da sabulu, da ita take zubin adashi. A mako na biyu ta kira ni da dare, muryarta ƙasa-ƙasa saboda cajin wayar ya kusa ƙarewa, ta ce: "Yaya, kuran sai ta leƙo ta koma, ko ruwa ba ya sanyi. Na zubar da zoɓon jiya, ya yi tsami." Bayan wata biyu ta sayar da firji ɗaya ta biya adashi. Ita ba ta taɓa ganin fadar shugaban ƙasa ba, tsakaninta da Yamai ya fi kilomita 600, ba a shawarce ta ba ranar da aka yi juyin mulki, ba a shawarce ta ba ranar da aka yanke hukunci. Irinta dubbai ne: mai walda, tela, mai askin inji, mai cajin waya, da majinyacin da maganinsa sai a cikin sanyi yake ajiyuwa.

A namu ɓangaren kuma, tireloli suka yi jerin gwano a bakin iyaka makonni, direbobi suna girki a ƙarƙashin mota, kayan gwari suna ruɓewa a cikin buhu har wari ya hana mutum tsayawa kusa. Albasar Galmi da waken Nijar da raguna da raƙuman da ke cika kasuwannin Illela da Maigatari da tamu suka ragu, geron da masarar da ke fita daga Dawanau suka tsaya. A cikin wannan rufewar yayar mahaifiyata ta rasu a Madarunfa. A kan babur muka tafi gaisuwa, ta cikin gonaki, bayan sallar asuba, muna waige-waige kamar waɗanda suka yi sata, a dajin da kowa ya san 'yan bindiga suna yawo. Mu da muka taso muna zuwa cin kasuwa can mu dawo kafin la'asar.

Ba wannan ne karon farko ba. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 an rufe iyakokin ƙasa na Najeriya da sunan hana fasa-ƙwaurin shinkafa, har aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Garuruwa irin namu suka koma sayen mai a galan da tsada kamar ba 'yan ƙasa ba. Shinkafar ba ta daina shigowa ba, hanya kawai ta canza, kuɗin fito ya ƙaru, masu babura da masu tare hanya suka samu abin yi. Iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500, da ta taɓa jihohi bakwai tun daga Kebbi har Borno, babu ƙofar da za ta kulle ta. Wanda ake kullewa shi ne mai bin ƙa'ida, mai takarda a hannu.

Mai Girma Shugaba Tinubu, ranka ya daɗe, na san kana shugabancin ECOWAS a lokacin, makonni kaɗan da karɓar kujerar, kuma juyin mulki ya riga ya ci Mali da Gini da Burkina Faso. Na fahimci tsoron kada wutar juyin mulki ta ci gaba da ci. Ina kuma yaba maka da ka saurari Majalisar Dattawa da ta ƙi yarda da yaƙi, ka bar Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka yi ta kai-kawo, ka bar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je Yamai. Allah kaɗai Ya san jinin da aka tsare. Sai dai ka duba abin da takunkumin ya haifar. ECOWAS ta janye shi ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris, aka mayar da wuta, ba tare da an samu ko ɗaya daga abubuwan da aka nema ba. Abin da aka samu shi ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na AES, sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Kuma duk yaron da ya yi karatun jarrabawa da fitilar waya a Yamai ko Doso a waɗannan watanni ya taso da darasi ɗaya a ransa: wutar Najeriya ba abin dogaro ba ce. Amanar da aka yi shekara hamsin ana ginawa, a dare ɗaya aka tsinka ta.

Akwai masu cewa, har a rumfar da nake zama, don me za mu ba Nijar wuta alhali mu ma muna cikin duhu? Ina gane zafin da ke sa su faɗi haka. Amma sayarwa ake yi, da kuɗin waje, kuma ɗan kaso ne ƙanƙane na abin da ake samarwa. Ko an tattaro shi duka an dawo da shi, ba zai haskaka Kano ita kaɗai ba. Ciwonmu yana wani wuri: ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana rarraba megawat dubu huɗu zuwa biyar, mafi yawansa daga tashoshin gas da ke kudu, Arewa kuma tana can ƙarshen waya tana jiran abin da ya rage.

Mun ga haka ƙarara a Oktoban 2024. Layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace a hannun ɓarayin daji, sai ɗaya layin da ke biyowa ta Inugu da Makurɗi zuwa Jos shi ma ya faɗi. Jihohin Arewa suka kwana suka tashi cikin duhu fiye da mako guda. Na rufe ɗakin ƙanƙara gaba ɗaya. Injin niƙa ɗaya na mayar kan dizal, kuɗin niƙan kwano ya tashi, sai na ga abin da na daɗe ban gani ba: mata su zo da ƙwaryar dawa, su tambayi kuɗin, su yi shiru, su ɗora a ka su koma gida su ɗauki taɓarya. Wata tsohuwa ta tsaya tana lissafi da yatsu, ta ce in niƙa mata rabi, rabin za ta daka. A wannan makon na kira ƙanwata na ce mata yanzu na san abin da ta sha. Layin da ke kai wuta Maradi da Damagaram daga Katsina ya taso. Idan Katsina tana cikin duhu, me za ta aika? Mu da su igiya ɗaya ta ɗaure mu, kuma bakin igiyar yana nesa da mu duka.

Ka tuna, ranka ya daɗe, Kakuri a Kaduna da Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano sun taɓa ɗaukar dubban ma'aikata a masaƙu da masana'antun fata da na man gyaɗa. Tsadar wuta tana cikin manyan abubuwan da suka kashe su. 'Ya'yan waɗancan ma'aikatan ne yau suke acaɓa da tura baro, wasu kuma daji ya janye. Duk wanda yake maganar tsaro a Arewa bai haɗa da wuta ba, ya bar rabin maganar a baya.

Mai Girma Janar Tchiani, ranka ya daɗe, yanzu gare ka. Idan ka ce Nijar ta gaji da zama ƙasar da ake kwasar arzikinta ana barinta a duhu, babu mai gaskiyar da zai ƙaryata ka. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Faransa, wadda kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake fitowa, ta yi shekaru tana ɗiba, alhali a Nijar da ƙyar mutum ɗaya cikin biyar yake da wuta a gidansa. Kwal ɗin da ake haƙa kusa da Cirozerin ma, an gina tasharsa ne da farko don ta kunna ma'adinan. Wannan abin takaici ne, kuma mu ma a nan yana mana ciwo. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Don haka ina murna da tashar Gorou Banda da gonar solarta mai megawat 30, ina kuma fatan ganin ranar da dam ɗin Kandaji na kan kogin Kwara, wanda aka aza harsashinsa tun 2008 aka yi ta tsayawa ana tashi, zai ba da megawat 130 ɗinsa. Haƙƙin Nijar ne ta gina shi. Abin da nake roƙo kawai shi ne a zauna da na ƙasa a yi lissafin ruwan tare, kada abin da aka yi wa Nijar da waya ta rama shi da kogi, domin manomin Yawuri da masuncin Kainji su ma ba su da hannu a takunkumi.

Amma zan faɗa maka gaskiya irin wadda ɗa ke faɗa wa kawunsa. Zanen aro ba ya rufe katara, ko daga Faransa aka aro shi, ko daga Rasha, ko daga Sin. Sojojin Faransa sun fita a ƙarshen 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, masu horarwa na Rasha sun shigo. Ɗanyen man Agadem kamfanin Sin ne ya haƙo shi, shi ya shimfiɗa bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin, kuma a 2024 sai da gwamnatinka ta karɓi dala miliyan 400 a hannunsa a kan za a biya da man da ba a riga an sayar ba. Man da kansa ya yi ta maƙalewa saboda saɓani da Kwatano a kan rufe gadar Gaya da Malanbil, kayan masarufi kuma suka koma zagayowa daga Lome ta cikin Burkina Faso da rakiyar sojoji, talaka yana biyan kuɗin zagayen a farashin shinkafa da sukari. Nijar ba ta da teku. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka Allah Ya ajiye ta. Ƙasar da ba ta da teku, maƙwabtanta su ne tashar jirginta, kuma a cikinsu babu wanda ya kai Najeriya kusanci da girman kasuwa da haɗin jini.

Na saurari hirar da ka yi da Hausa a Disambar 2024, inda ka zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa don a dagula Nijar, na kuma saurari martanin Malam Nuhu Ribaɗu, a matsayinsa na mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, yana musantawa. Ni mai niƙa ne, ba ni da hanyar leƙa takardun sirri. Abin da na gani da idona shi ne washegari a kasuwa mutane sun fara yi wa juna kallon da ba su saba ba. Magana irin wannan idan ta fito da Hausa daga bakin shugaba, har cikin ɗakin tsohuwa take shiga. Idan akwai hujja, akwai hukumar haɗin gwiwa a nan cikin Yamai da aka kafa don irin wannan rana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangarun sun riga sun shigo: Lakurawa a iyakar Sakkwato da Kebbi, 'yan bindiga tsakanin Zamfara da Katsina da Maradi, Boko Haram a tafkin Cadi, inda Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa a 2025. Su ba sa tsayawa a shingen duwan ko na kwastam. Dubban mutanenmu da suka gudu daga hare-hare tun 2019 a ƙauyukan jihar Maradi aka karɓe su, aka ba su masauki da abinci, ba mu manta ba. Haka kuma lokacin da fetur ya yi ƙaranci a Nijar a farkon 2025, Najeriya aka waiwayo, tankoki suka tafi. Duk da zafin maganganu, ranar wuya kowa ya san ƙofar da yake ƙwanƙwasawa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙonku ku rubuta yarjejeniya, ku sa hannu, majalisu da hukumomin ƙasashen biyu su tabbatar da ita, cewa daga yau wutar lantarki da ruwan kogi da abinci da magani ba za su sake zama bulala a tsakaninku ba, ko wane ne yake mulki a Abuja, ko wane ne yake mulki a Yamai, da ƙuri'a ya zo ko da kaki. Idan za a hukunta shugabanni, akwai asusunsu, akwai tafiye-tafiyensu, akwai kujerunsu a taruka. Idan kuma rigimar ta bashi ce, domin gaskiya ne kuɗin wuta yakan taru ba a biya ba, to a sa ƙa'ida a fili: wa'adi kaza, sanarwa kaza, masu sasantawa su wane. Mai saye ya biya a kan lokaci, mai sayarwa kada ya kashe makunni don fushin siyasa. Ziyarar da Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya kai wa takwaransa Bakary Yaou Sangaré a Yamai a Afrilun 2025 ta faranta mana rai, amma mun ga irinta da yawa, hoto da musabaha. Takardar da za ta rayu bayan ku duka kun sauka muke so.

Bayan wannan, ku dubi abin da ke kwance a tsakaninku ba a ɗauka ba. Matatar mai mafi kusa da Daura da Katsina da Kano da ke aiki a yau tana Damagaram, tun 2011 take tace ganga dubu 20 a rana. Ta Kaduna, mai ganga dubu 110, ta yi shekaru a kwance. Fetur ɗin da nake zuba wa babur ɗina daga Legas tanka take jawo shi, fiye da kilomita dubu, alhali ɗanyen man Nijar yana bi ta bututu ya wuce mu ya tafi teku a loda wa jirgi. A 2018 gwamnatocin biyu sun sa hannu kan gina matata a jihar Katsina da za ta riƙa tace man Nijar; har yau ko tubali ba mu gani ba.

Sai gas. An ƙaddamar da bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, a tsakiyar 2020, aka ce shekara biyu zai ɗauka, wa'adin ya yi ta matsawa. Shi ne kuma ake fatan ya zarce ta Nijar zuwa Aljeriya, fiye da kilomita 4,000, ya kai gas Turai. Ina roƙonku da babbar murya: kada ku yarda bututun nan ya bi ta ƙarƙashin gonakinmu ya je ya ɗumama ɗakunan Turawa mu kuma muna kunna aci-balbal a kansa. Mun ga yadda aka yi da yuraniyom ɗin Arlit, mun ga yadda aka yi da man Neja Dalta, inda ake ƙona gas a sama ƙauyen da ke ƙasa babu wuta. Tun a takardar farko a rubuta inda za a buɗe masa baki: tashar wuta a Kano, tashar wuta a Damagaram ko Maradi, wata a Agadas, da masana'antar takin zamani, domin manomin gero a Tasawa da na Ɓatsari taki ɗaya suke nema su rasa. Bututun da mutanen gari suke cin moriyarsa, su ne za su yi gadinsa.

Rana kuwa ba sai an roƙi kowa ba. Wadda take ƙona mu daga Maris zuwa Mayu ita ce dukiyar da ta fi yawa a Katsina da Maradi da Tawa da Sakkwato. Talakawa sun riga gwamnati ganewa. Ku zaga fadamu ku ga masu noman rani da suka ajiye injin fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, suka koma ban-ruwa da farantan sola. Abin da ya fi ƙarfin ɗaiɗaikun mutane shi ne manyan gonakin sola da layin da zai haɗa su. Dokar wuta ta 2023 ta ba jihohin Najeriya damar kafa kasuwar wutarsu. Me zai hana jihohin iyaka da takwarorinsu na Nijar su samu izininku su kafa tashoshi a nan kusa, waɗanda idan layin Shiroro ya faɗi ko aka yi rigima a sama, Katsina da Maradi za su ci gaba da riƙe juna? Akwai kuma babban layin da aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu da arewacin Benin a ƙarƙashin tsarin wutar Yammacin Afirka. Ficewa daga ECOWAS bai kamata ya kashe shi ba, waya ba ta tambayar katin ƙungiya.

Ita hukumar haɗin gwiwar nan ta 1971, ku farfaɗo da ita, ku kuma buɗe mata ƙofa. A sa gwamnonin jihohin iyaka na ɓangarorin biyu, a sa sarakuna, a sa shugabannin 'yan kasuwa da direbobi da makiyaya da mata masu sana'a. Sarkin Katsinan Maradi da Sarkin Katsina tarihi ɗaya suka gada, Gobir tana Tsibiri tana Sabon Birni, Daura da Damagaram sun san juna tun kafin Bature ya zo da ma'auninsa. A Agustan 2023, lokacin da jakadu suka kasa ganin Janar, Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya gan shi, da rakiyar Sarkin Damagaram. Waɗannan mutane bai kamata a riƙa nemansu sai gobara ta tashi ba.

Kullum idan na fita bayan gari ina ganin aikin layin dogon Kano zuwa Maradi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da garinmu. An sha zagin aikin nan a kudu, ana cewa an kwashi kuɗin Najeriya an kai wa wata ƙasa. Mu da muke nan mun san abin da zai ɗauka: wake da albasa da dabbobi su gangara, siminti da taki da hatsi su haura, kayan Nijar su samu hanyar teku ta Legas. Amma jirgin da zai zo Jibiya ya tarar da ƙofa a kulle, ƙarfe ne kawai aka shimfiɗa a daji. Tun kafin a gama, ku zauna ku daidaita yadda za a duba kaya sau ɗaya a wuri ɗaya, da takarda ɗaya, a kuma rage shingayen da ke kan hanyar mota, waɗanda direba ke tsayawa a kowanne ya miƙa hannu kafin ya wuce.

Idan za ku yi wannan zaman, ina roƙon kada ku yi shi a otal ɗin babban birni. Ku zo Maradi ko Katsina, ku biyo ta mota, ku tsaya a Magama da Ɗan Isa ku ga layin tireloli, ku shiga kasuwarmu ranar Lahadi ku ji sefa da naira suna canza hannu a rumfa ɗaya. Ƙanwata ta fara tara kuɗin sabon firji. Da na ce mata ga wani na hannu mai sauƙi a Katsina, sai ta ce in dakata tukuna, tana so ta fara sayen farantin sola da batir, don ba ta san ranar da za a sake ɗauke wutar ba.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani mai injin niƙa a bakin kasuwar Jibiya, jihar Katsina.